Inabin Ɗa'ifa da Harshen Malam Iliyasu

Duk lokacin da ɗayanku, ku yaranmu da kuka tashi da Larabci, ya shigo shagona a unguwar Hindawiyya ta Makka ya same ni tsaye gaban tukwane, na san abin da yake gani: a zuba inabi, a matse, a miƙa kofi. Ɗan ƙanwata, wanda ya gama jami'a bara, ya faɗa mini da Larabci yana dariya cewa wannan sana'a ko makaho zai iya ta. Na ce masa wataƙila makaho ya fi ni iyawa, domin kunne da hanci sun fi ido aiki a cikinta. Bai gane ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, da Hausa kuma, don ku ɗan sha wuya wajen karantawa kamar yadda na sha wajen koyo.

Shekarata hamsin. An haife ni a unguwar Nakkasa, a wani gida da yanzu ko harsashinsa babu. Na karanta kimiyyar abinci a jami'a, amma matse inabi a hannun Kawu Salihu na koye shi, yayan mahaifiyata, mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Na daɗe ina tambayar kaina wanne daga cikin ilmin nan biyu ya fi ciyar da ni, har yau ban yanke ba.

Aikin farko da Kawu ya ba ni shi ne in bi shi halaga, wato babbar kasuwar kayan marmari, bayan sallar Asuba, lokacin da motocin Ɗa'ifa ke saukowa daga kan dutse da baƙin inabi. Ban taɓa ganin ya fara kallon 'ya'yan ba. Tsinken yake fara dubawa. Idan tsinken kore ne yana lanƙwasuwa, jiya aka yanko. Idan ya bushe yana karyewa, inabin ya kwana huɗu ko biyar a hanya, ko da mai kaya ya rantse da Ka'aba. Sai ya duba farar ƙurar nan da ke kan ɓawo, wadda ku kuke ɗauka datti ce. Idan tana nan, hannaye da yawa ba su jagwalgwala kayan ba. Daga nan sai ya ciri ƙwaya ɗaya daga can ƙasan zangarniya, inda rana ba ta cika kaiwa ba, ya matse tsokar ya yar, ya tauna ɓawon shi kaɗai.

Ranar farko na tambaye shi, “Kawu, ka zubar da mai daɗin, kana tauna shara?”

Ya ce, “Zaƙi ai ko buhun sukari yana da shi. Ni ɓawo nake saye.”

A cikin ɓawon ne launi yake, da ƙanshi, da baurin nan mai kama da na goro, wanda ke ɗan ɗaure baki. Ruwan inabin da babu bauri a cikinsa abin shan yara ne. Ya kuma nuna mini iri na ciki: idan ya yi ja kamar ƙasa, inabi ya nuna; idan kore ne, ruwan zai yi ɗaci. Saboda irin nan ne bai taɓa yarda da injin markaɗe ba. Injinsa na hannu ne, ana juya shi a hankali yana sauka kan inabin, ya fasa ɓawo ya bar iri lafiya. Har yanzu da shi nake aiki. Sauran kayan aikin ba su da yawa: ƙyallen tata, tukwanen ƙarfe marasa tsatsa, tallaja babba mai ɗaki, wato firji, da alli. Ni na ƙara ɗan ma'aunin sukari da na zo da shi daga jami'a, wanda ake ɗiga ruwa a kansa a leƙa ta ƙaramin gilashi. Kawu yana kiransa madubin likita, bai taɓa yarda ya leƙa ba.

Allin nan shi ne abu mafi muhimmanci a shagon. Da zarar an gama matsa, Kawu zai rubuta rana da lokaci a jikin tukunya. Abin da malamai suka koyar, kuma muka tashi a kai, shi ne ruwan inabi halal ne matuƙar bai yi kumfa da kansa ba, kuma bai wuce kwana uku ba. Idan ɗayan biyun ya faru, an bar maganar abin sha, an shiga maganar giya. Ba sai wani ya zuba komai a ciki ba; farar ƙurar nan ta kan ɓawo ita ke fara cin sukarin, zafin Makka kuma yana taya ta. Kowace safiya Kawu yakan ɗora kunnensa a kan murfin tukunya, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya ce ƙarar tana kama da ta gara a cikin azara. “Idan ya fara magana, ya daina zama naka.”

Wani abu ya riƙa damuna tun a lokacin. Ni da Kawu babu wanda ya taɓa ɗanɗana giya, ko ya shaƙi warinta. A Makka aka haife mu, a ina za mu gan ta? Ke nan mu masu gadi ne da ba mu taɓa ganin fuskar ɓarawon ba. Na san sunan abin a littafi, na zana yadda yake samuwa a jarrabawa, amma da za a ajiye mini shi a kofi yana ƙarami, ban tabbata zan gane shi ba. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce in gode wa Allah da wannan jahilcin, in ci gaba da wanke tukwane.

Bayan rasuwar Kawu da 'yan shekaru, wani dattijo ya shigo bayan La'asar, dogo, siriri, da Hausar mutanen Jos a bakinsa. Ya sayi kofi ɗaya. Maimakon ya sha, sai ya riƙe gilashin daga gindi, ya karkata shi a kan farin hannun rigarsa yana kallon launin. Ya juya shi a hankali, ya sa hanci, ya daɗe. Sannan ya kurɓa ya bar shi a baki kamar mai kurkure.

Na ce, “Baba, ko wani abu ya faɗa a ciki?”

“A'a, ɗana. Tsohuwar ɗabi'a ce ta ƙi mutuwa.” Ya turo mini gilashin. “Cire mini ƙanƙarar nan. Ka sha wahala ka sa inabi ya yi magana, sannan ka toshe masa baki da sanyi.”

Sunansa Malam Iliyasu. 'Yarsa tana aure a unguwar Zahir, yakan zo Umara kusan kowace shekara ya zauna wurinta wata biyu ko uku. Sai da ya yi mako yana zuwa kafin ya gaya mini inda ya samo ɗabi'ar. Ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wani babban otal a Ikko, kuma shi ne wanda ke kawo kwalbar giya kan tebur, ya buɗe, ya ba baƙo shawarar wadda ta dace da abincinsa. An koya masa ɗanɗanawa saboda aiki, daga baya ya riƙa sha ba saboda aiki ba. Ya tuba shekara goma sha tara kafin haɗuwarmu, kuma ya yi wa Allah alkawari ko ɗigo ba zai sake taɓa harshensa ba. Ya faɗi wannan a sarari, yana kallona, ba tare da kunya ko alfahari ba.

Na yi kwanaki ina kai-kawo da zuciyata kan ko ya dace in tambaye shi abin da nake so in sani. Shin tambayar mai tuba game da abin da ya bari ba tone masa miki ba ne? Son sani ya rinjaye ni. Na tambaye shi wacce giya masu sha suka fi nema idan suna son mai nauyi, kuma me suke dubawa.

Ya yi murmushi. “Kai malamin jami'a, ka rasa abin tambaya sai wannan? To, akwai wani jan inabi da suke kira shiraz. Shi ne babban yaya a gidan. Idan ka zuba, sai ka ga kamar baƙi ne, sai ka karkata shi ka ga bakin gilashin ya yi shuɗi-shuɗi kamar rini. Ka juya shi, ka ga yana gangarowa a jikin gilashi a hankali, ba ya gaggawa. Wannan alamar nauyi ce. Ƙanshinsa kamar ɗinya ce da ta nuna sosai, da masoro a bayanta, wani lokaci da ɗan hayaƙi. Na ƙasashe masu zafi ya fi kauri, na wurin sanyi ya fi yaji. Ba a shan sa da sanyin ƙanƙara, ba a kuma shan sa da zarar an buɗe, sai ya ɗan sha iska. Kuma ba a haɗa shi da kifi ko ganye, zai danne su. Nama yake so, mai kitse, wanda ya ga wuta.”

Sannan ya ƙara, “Sauran abin da yake yi wa mutum kuwa, na gan shi a kan tebur, na gan shi a gidana. Wannan ba sai ka tambaya ba.”

Ranar ya sa na aika aka sayo tsire wurin maƙwabcina, tsiren nan da Larabawan Makka ke yi wa layi suna kiransa siriye. Ya ce in ci yanka ɗaya mai kitse, in bi shi da ruwan inabina marar ƙanƙara. Na yi. Baurin ya wanke kitsen daga bakina, yajin ƙuli ya fito fili, zaƙin inabin ya koma baya. Shekara goma sha biyar ina matse abin nan ban san yana iya haka ba. Tun daga ranar na daina sa ƙanƙara sai an roƙa, masu sayen tsire kuma suka fara tsallakowa wurina.

Sai na yi tambaya ta ƙarshe, wadda ta jawo mini abin da zan ba ku labari. Na ce, daga ina wannan nauyin yake zuwa?

“Daga ɓawo,” in ji shi. “Suna barin ruwan tare da ɓawonsa makonni.”

Maganar Kawu ce ta dawo mini ta bakin wani. Na adana ta.

Shekarar da ta fi kowace wuya a gare ni ita ce wadda ƙanƙara ta sauka a gonakin da nake saye daga wurinsu a Ɗa'ifa, ana saura kaɗan a yanka. Abin da ya rage a halaga sai inabin da ake kawowa daga waje, manyan ƙwayoyi masu kyan gani, ɓawo siriri kamar takarda, ciki duk ruwa. Idan na matse shi, launinsa kamar an wanke jan zane. A cikin wannan hali Ummu Faisal ta zo. Tsohuwar mai ciniki ce tun zamanin Kawu, kuma za ta yi walimar auren ɗanta ranar Alhamis bayan Magariba, mutum wajen ɗari uku, da gasasshen nama.

Ta ce, “Ya Abu Maryam, mai nauyin nan nake so, irin na da. Dangin amarya mutanen Jidda ne, sun san abu. Kada ka sa su koma suna cewa ruwan zoɓo muka ba su.”

Na amsa mata da to, ba tare da na san yadda zan yi ba.

Ranar Talata da hantsi na murƙushe inabin, na rubuta lokaci da alli, na bar ɓawon a cikin ruwan maimakon in tace, na tura tukunyar cikin tallaja. Lissafina shi ne daga Talata da hantsi zuwa Alhamis da Magariba kwana biyu da rabi ne, ban kai uku ba. Laraba da safe na buɗe, launin bai motsa ba, domin sanyi ba ya barin ɓawo ya saki abin da ke cikinsa. Na san wannan daga karatuna. Na kuma san abin da ɗumi yake tayarwa. Duk da haka na jawo tukunyar na ajiye ta a bayan shago, inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ba ta kaiwa sosai, na ce wa kaina yini ɗaya ne kawai. Na ɗauki rabin maganar Malam Iliyasu, wato ɓawo da lokaci, na manta cewa mutanen da yake ba ni labarinsu ainihin abin da nake gudu suke nema.

Alhamis da safe na ɗaga murfi. Ban taɓa ganin launi mai kyau irin wannan a shagona ba. Baƙi ne wuluk, bakinsa shuɗi-shuɗi, yana gangarowa a jikin ludayi a hankali. Babu kumfa. Na ɗora kunne: akwai wata ƙara can ƙasa, amma injin tallaja ma yana ƙara, na kasa rabewa. Na ɗiga a madubin likita: sukari ya sauka ɗan kaɗan, gwargwadon da ma'aunin kansa yakan yi kuskure. Na taɓa da bakin harshe na tofar, na ji wani ɗan tsikari, wanda zai iya zama tsamin inabin waje, zai kuma iya zama wani abu dabam. Bisa alli ina da sauran lokaci. Bisa ido babu kumfa. Amma ni ne zan miƙa wannan ga mutum ɗari uku a garin Makka, da tsofaffi da mata, kuma ban san mene ne a cikin tukunyata ba.

Mutum ɗaya na sani a duk garin da ya san fuskar ɓarawon. Na rufe shago na tafi Zahir na ɗauko Malam Iliyasu. A mota na ba shi labari duka. Yana saurare, yana ta jan carbi.

Da muka shiga bayan shago na cika gilashi rabi na miƙa masa. Ya kalli gilashin, ya kalle ni.

“Ɗana, ka san abin da kake roƙo?”

“Ɗanɗanawa kawai, Baba. Ka tofar.”

Ya yi 'yar dariya. “Haka shugabanmu ya ce mini a Ikko ranar farko. Ɗanɗanawa kawai, ka tofar.” Ya goge hannu a rigarsa. “Mutum nawa ka ce?”

“Wajen ɗari uku.”

“To. Kawo.”

Ya karɓa daga gindi. Hannunsa ya juya gilashin da kansa, kamar ba shi ya sa shi ba. Ya kai hanci, ya rufe ido. Na yi shekaru ina ganin yana shaƙar ruwan inabina, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ta saki, ta yi laushi, kamar ta wanda ya ji muryar wani nasa daga bayan katanga. Maƙogwaronsa ya motsa tun bai sha komai ba. Gilashin ya fara sauka daga hanci zuwa leɓe.

Na kama wuyan hannunsa. “Bari, Baba. Na gani.”

Ya buɗe ido a hankali, ya bar ni na zare gilashin daga yatsunsa. Ya ce, “Akwai wani a ciki da na sani. Jariri ne tukuna, ko rarrafe bai fara ba. Amma kafin Magariba zai miƙe tsaye.”

Sai ya fita ya tsaya a bakin titi cikin rana, ya ce in ba shi ruwa, ruwa zalla.

Na tsaya da gilashin a hannu ina duba abin da na yi. Abin da nake tsoron aikata wa mutum ɗari uku cikin rashin sani, saura ƙiris in aikata wa mutum ɗaya ina sane, da hannuna, baƙon Allah da ya zo Umara, kuma na zaɓe shi ne daidai saboda rauninsa. Da na zubar da tukunyar tun da safe lokacin da shakka ta shige ni, da ban buƙaci harshen kowa ba. Kawu da ya zubar. Ni kuwa launin ya yi mini kyau, kuma ina so in sani.

Na karkata tukunyar a kan magudana. Ta ɗauki lokaci kafin ta ƙare, ƙasan shagon ya yi kwanaki da tabo. Na koma halaga da azahar na sayi abin da na samu, na matse sabo, marar launi, marar nauyi. Sannan na kira Ummu Faisal na gaya mata gaskiya tun daga Talata.

Ta ce, “Zubarwar da ka yi, Allah ya saka maka. Amma wa ya ce ka yi gwaji da walimar ɗana?”

Tana da gaskiya. An sha ruwan a walima, na kuma ji cewa wata daga cikin dangin amarya ta tambaya ko zoɓo ne. Ummu Faisal ta yi shekara biyu ba ta taka shagona ba.

Daga baya na samo hanyar da ya kamata in nema tun farko. Ina ware ɓawon, in ɗora shi a wuta kaɗan da ɗan ruwansa, ya yi zafi amma kada ya tafasa, kamar sa'a ɗaya. Zafin yana fitar da launi da bauri, yana kuma kashe abin da ke tayar da tsami. In tace, in haɗa da sauran, in sanyaya nan take, in rubuta lokaci da alli. Na rage wa kaina wa'adi zuwa kwana biyu, na bar na ukun a matsayin katanga. Idan ɗayanku yana so ya ji ruwan inabi mai nauyi yadda ya kamata, ya fitar da shi daga tallaja ya bar shi ya ɗan huce daga sanyi, ya zuba a gilashi mai faɗi ba kofin roba ba, ya duba launi, ya shaƙa kafin ya sha, ya kuma nemi nama mai kitse. Idan mai shago ya cika masa ƙanƙara, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Malam Iliyasu bai sake zuwa ba a sauran kwanakinsa na wannan shekarar, ni kuma kunya ta hana ni zuwa Zahir. Da shekara ta zagayo, inabin Ɗa'ifa ya dawo, sai ga shi bayan La'asar, ya ɗan ƙara ranƙwafawa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu in yi shiru, irin yadda Kawu yake yi.

“Zuba mini, malamin jami'a. Ban da ƙanƙara.”

Na zuba daga tukunyar safiyar ranar. Ya karkata gilashin a kan hannun rigarsa, ya juya, ya sa hanci, ya daɗe fiye da yadda na so. Ina tsaye ina kallon fuskarsa. Ba ta canja ba.

Na ce, “Yaya, Baba?”

“Nauyi ya yi. Bauri ya yi.” Ya sake shaƙa. “Kuma babu kowa a ciki.”

Ya yi bismilla ya shanye har ƙasa, ya ajiye gilashin, ya ce in aika a sayo masa tsire mai kitse.